Kama da Wane Ba ta Wane: Tantance Nau'in Tsuntsu daga Gidan Zu zuwa Duwatsun Jos

1.0 GABATARWA

Duk wanda ya taɓa shiga gidan ajiye namun daji, wato gidan zu, ya san tambayar da ta fi yawa a bakin masu ziyara, musamman yara, ita ce: "Wannan mene ne?" A gidan zu na Jos, wanda ke maƙwabtaka da gidan tarihin da Bernard Fagg ya kafa a 1952, ko a gandun namun dajin da aka kafa a garin a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, uba yakan amsa wa ɗansa da sunan da shi ma ya gada, ya ce jimina ce, ko ungulu, ko mikiya. Sau da yawa maganar takan tsaya a nan. Amma akwai tambaya ta biyu wadda ta fi ta farko wuya, ita ce: "Wace iri ce daga cikinsu?"

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake amsa wannan tambaya ta biyu. Za a nuna cewa tantance nau'in tsuntsu ya dogara ne ga gano siffa guda mai bambantawa, kuma wannan siffa takan sauya daga dangin tsuntsaye zuwa wani. Za a kawo misalai biyu. Na farko shi ne fengwin, tsuntsun teku wanda Bahaushe ba ya gamuwa da shi sai a gidajen zu na ƙasashen waje ko a talabijin, wanda kuma ido ke yanke hukunci a kansa. Na biyu, wanda shi ne ginshiƙin maƙalar, wasu ƙananan tsuntsaye biyu ne na duwatsun Jos, waɗanda ido ya kasa tantance su sai da kunne ya taimaka.

2.0 SUNA DA NAU'I

Kafin a shiga misalan, ya kamata a fayyace kalmomi biyu. A nan za a yi amfani da kalmar "nau'i" da ma'anar rukunin halittun da ke barbara a tsakaninsu su haifi irinsu, sannan kalmar "dangi" da ma'anar rukunin nau'o'i masu kusanci da juna. Masana kimiyya kan bai wa kowane nau'i suna mai kalmomi biyu na Latin, ta farko ta dangi, ta biyu ta nau'i, bisa tsarin da Carl Linnaeus, mutumin ƙasar Suwidin, ya daidaita wa dabbobi a 1758.

Hausa tana da arzikin sunayen tsuntsaye, kuma ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun tattara da dama daga ciki. Sai dai sunan gargajiya da sunan kimiyya ba aiki ɗaya suke yi ba. Bahaushe ya raɗa wa tsuntsu suna ne gwargwadon hulɗarsa da shi: wanda yake ci, da wanda ke yi masa ɓarna a gona, da wanda ke yi masa albishir ɗin damina kamar shamuwa. Saboda haka suna ɗaya yakan rufe nau'o'i da yawa. Kalmar "kurciya", alal misali, ta ƙunshi tsuntsaye fiye da iri ɗaya, haka ma "shaho" da "mujiya".

Masu nazarin tsarin sauti sun san irin wannan matsala. Kalmomin "baki" da "baƙi" ƙwayar sauti ɗaya ce ta raba su, kuma ana ganin bambancin a rubuce. Amma "fari" na launi da "fari" na rashin ruwan sama, a rubutun yau da kullum babu abin da ya raba su; karin sauti ne kaɗai ya bambanta su, shi kuwa sai an ji da kunne. Misalin fengwin ya yi kama da na "baki" da "baƙi", misalin tsuntsayen Jos kuma ya yi kama da na "fari" da "fari".

3.0 FENGWIN: INDA IDO KE YANKE HUKUNCI

Fengwin tsuntsu ne da ba ya tashi sama. Fukafukansa sun zama kamar filafilin tuƙa kwalekwale, da su yake iyo a ƙarƙashin ruwa yana kama kifi. Bayansa baƙi ne, cikinsa fari, kuma a tsaye yake tafiya kamar mutum. Akwai nau'o'insa kimanin 18, kusan dukkansu a kudancin duniya. Mutane da yawa na zaton a ƙanƙara kawai yake rayuwa, alhali nau'o'in da aka fi gani a gidajen zu daga gaɓar teku mai matsakaicin yanayi suka fito. Wannan ne ya sa suka fi sauƙin ajiyewa.

Mataki na farko shi ne duba girma da launin kai. Idan tsuntsun ya kusa mita ɗaya a tsayi, kuma yana da ruwan goro a gefen kai da saman ƙirji, to, galibi wanda ake yi wa laƙabi da "sarki" ne, wanda gidan zu na Edinbara a Sikotland ya fara samun nasarar ƙyanƙyashe ɗansa a 1919. Idan kuwa yana da tukku ruwan ɗorawa da ya fito daga saman ido, to, yana cikin dangin masu tukku.

Wahalar tana ga dangin da ake kira Spheniscus, wanda ya ƙunshi nau'o'i huɗu masu matuƙar kama da juna. Uku daga cikinsu tsayinsu kan kai santimita 60 zuwa 70, kuma duka huɗun suna da baƙar ɗamara da ta gitta farin ƙirji. Ga abin da ake dubawa:

(a) Na Afirka, Spheniscus demersus, mazaunin gaɓar Afirka ta Kudu da Namibiya, ɗamararsa ɗaya ce, kuma yana da tsiraicin fata mai launin hoda a saman ido, wadda ke taimaka masa rage zafin jiki.

(b) Na Humboldt, mazaunin gaɓar Peru da Cile, shi ma ɗamararsa ɗaya ce, amma ta fi kauri. Fatarsa mai launin hoda ta kewaye gindin baki, farin layin gefen kansa kuma ya fi siranta.

(c) Na Magellan, mazaunin Ajantina da Cile, ɗamara biyu gare shi tsakanin wuya da ƙirji.

(d) Na tsibiran Galapagos a ƙasar Ekwado shi ne mafi ƙanƙanta cikinsu, farin layin fuskarsa siriri ne ƙwarai, kuma da wuya a gan shi a wajen tsibiransa.

Ke nan mai ziyara zai fara ƙirga ɗamara, sannan ya duba inda launin hoda yake. Kuka ba ya taimakon mai ziyara sosai a wannan dangi, domin na Afirka da na Magellan duk kuka irin na jaki suke yi. Har ila yau, waɗannan alamomi na balagaggu ne. Ɗan da bai cika shekara ba ba shi da ɗamara, wanda kuma ke cikin zubar da gashi kamanninsa kan rikice.

Wannan tantancewa tana da amfani a aikace. Na Afirka da na Humboldt suna iya barbara da juna idan aka haɗa su a keji ɗaya, abin da ke lalata irin da ake son adanawa. A 2024 ƙungiyar IUCN, mai kula da jerin halittun da ke fuskantar barazana a duniya, ta sanya fengwin na Afirka a matakin da ke dab da ƙarewa, bayan da ma'aurata masu haihuwa suka ragu zuwa ƙasa da 10,000, musamman saboda ƙarancin ƙananan kifayen da yake ci. Gidan zu da bai san nau'in da ke hannunsa ba, ba zai iya ba da gudummawa wajen ceto shi ba.

4.0 TSUNTSAYEN DUWATSUN JOS: INDA KUNNE YA FI IDO

Dabarar ƙirga ɗamara da duba launi tana aiki ne idan bambancin yana bayyane a jiki. A tsaunin Jos an samu misalin da wannan dabara ta gaza, har wani nau'in tsuntsu ya daɗe a gaban masana ba su san shi daban ne ba.

4.1 Baiwar Allah da Ɗan-shuni

Baiwar Allah ƙaramar tsuntsuwa ce da aka sani a ƙasar Hausa, tsawonta kimanin santimita 10. Namijinta ja ne, kuma takan shigo har tsakar gida tana tsintar tsaba a gindin turmi. Wadda aka saba gani a gari ita ce Lagonosticta senegala, mai jan baki. Amma danginta ya ƙunshi wasu nau'o'i da ke zaune a daji, kowane da irin wurin da yake so da irin kukansa.

Tsuntsu na biyu ɗan'uwan zalaiɗu ne, daga dangin Vidua, sai dai ba shi da doguwar wutsiya. A lokacin haihuwa, wato ƙarshen damina zuwa kaka, sa'ad da ciyawa ta yi 'ya'ya, namijinsa kan zama baƙi wul mai sheƙi kamar tufar da aka rina da shuni aka buga. Saboda haka a wannan maƙala za a kira shi "ɗan-shuni". Akwai nau'o'insa goma a Afirka, kuma da yawa daga cikinsu ana samun su a Nijeriya. Bambancin mazansu bai wuce ɗan sauyin sheƙi ba, wani ya karkata zuwa kore, wani zuwa shuɗi, sai kuma launin ƙafa da na baki. Matansu kuwa, da mazan da suka fita daga kayan aure, duk ruwan ƙasa ne masu zane-zane, kuma rarrabe su da ido a daji abu ne mai matuƙar wuya.

4.2 Renon Ɗan Wani

Ɗan-shuni ba ya gina sheƙa. Macen takan saci jiki ta saka ƙwanta a sheƙar baiwar Allah ko wata 'yar'uwarta, mai sheƙar ta kwanta a kai, ta ƙyanƙyashe, ta rena shi tare da 'ya'yanta. Abin ya yi kama da yadda ake sa wa kaza ƙwan zabi, sai dai akwai bambanci babba. Ɗan zabon da kaza ta rena kukan zabi zai yi idan ya girma, domin da shi aka haife shi. Ɗan-shuni kuwa koyon waƙa yake yi, kuma waƙar wanda ya rene shi yake koya.

Masanin tsuntsaye Bajamushe, Jürgen Nicolai, ya bayyana a 1964 cewa tsuntsayen wannan dangi suna kwaikwayon mai renonsu ta fuska biyu. Ta farko a baki: 'ya'yan kowane nau'in baiwar Allah suna da nasu tsarin ɗigo da launi a ganda da gefen baki, wanda iyaye ke gani idan ɗa ya buɗe baki yana neman abinci, ɗan baƙon kuma da irin wannan tsari yake fitowa daga ƙwai. Ta biyu a waƙa: namiji idan ya balaga yakan zaɓi reshen bishiya ya yini a kai yana rera waƙa, yana cakuɗa tasa da ta mai renonsa. Gwaje-gwajen da Robert Payne na Jami'ar Mishigan ta Amurka da abokan aikinsa suka buga a 1998 da 2000 sun tabbatar da cewa wannan koyo ne. Sun sa wani tsuntsu daban ya reni 'ya'yan ɗan-shuni, sai mazan suka tashi da waƙarsa, matan kuma suka fi son mazan da ke rera ta, suka kuma nemi sheƙar irinsa domin saka ƙwai.

Hausawa na cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. A nan karin maganar ta zo daidai da abin da kimiyya ta gano, muddin an ɗauki "gidansu" da ma'anar gidan reno. Sakamakon haka shi ne, kowane nau'in ɗan-shuni yana manne da mai renonsa, kuma hanya mafi inganci ta tantance namiji ita ce a saurari wanda yake kwaikwayo. Na gari, Vidua chalybeata, baiwar Allah mai jan baki yake kwaikwayo. Wani nau'in kuma, Vidua larvaticola, wanda Payne ya bayyana a 1982, baiwar Allah mai baƙar fuska yake bi. Sunansa na Ingilishi ma daga gaisuwar Hausa ta "barka" aka samo shi.

4.3 Yadda Aka Gano Baiwar Allah ta Dutse

A wannan aiki nasa na 1982, Payne ya bayyana wani ɗan-shuni na tsaunin Jos mai sheƙin kore, ya ba shi suna maryae. A lokacin an ɗauke shi reshe ne kawai na wani nau'i da aka riga aka sani, haka kuma baiwar Allah da ke zaune a duwatsun yankin an ɗauke ta ɗaya ce da Lagonosticta rubricata, wadda ta bazu a sassan Afirka da dama. Da ido babu dalili mai ƙarfi na yin shakka.

Waƙa ce ta tayar da shakkar. Da aka kwatanta sautin da aka ɗauka na ɗan-shunin Jos da waƙoƙin nau'o'in baiwar Allah da aka sani, sai aka ga bai dace da su ba. Tunda an san ɗan-shuni ba ya ƙaga wannan ɓangare na waƙarsa, dole ne akwai wanda ya koya masa. Wannan ya sa aka koma duwatsun aka sake duban baiwar Allah ta wurin da kyau, aka ɗauki waƙarta, aka kama wasu aka auna su. A 1998 Payne ya buga bayaninta a mujallar Ibis a matsayin sabon nau'i, da suna Lagonosticta sanguinodorsalis, wato mai baya ja kamar jini. Shi kuma ɗan-shunin ya zama nau'i mai cin gashin kansa, Vidua maryae.

Bayan da kunne ya nuna hanya, sai ido ya ga abin da ya tsallake a baya. Namijin baiwar Allah ta dutse saman kansa ruwan toka ne, bayansa ja, bakinsa kuma toka-toka mai ratsin shuɗi, saɓanin ta gari mai jan baki da baya ruwan ƙasa. Mazauninta ma daban ne: tana son curin duwatsu masu ƙananan bishiyoyi da ciyawa a tsakaninsu, irin waɗanda suka kewaye Jos. Daga baya an same ta a duwatsun Mandara da ke kan iyakar Nijeriya da Kamaru. A 2003 kuma Michael Sorenson da Kristina Sefc da Payne suka nuna a mujallar Nature, ta hanyar nazarin ƙwayoyin gado, cewa nau'o'in ɗan-shuni sababbi ne idan aka kwatanta da masu renonsu, kuma sun rarrabu ne ta hanyar sauya gidan reno. Wannan ne dalilin da ya sa kamanninsu bai yi nisa da juna ba.

4.4 Dajin Amurum

Wurin da aka fi sanin waɗannan tsuntsaye biyu shi ne dajin Amurum da ke kusa da ƙauyen Laminga, kimanin kilomita 15 arewa maso gabas da Jos, mai faɗin hekta wajen 300. A nan ne cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda aka fi sani da APLORI, take. An kafa ta a farkon shekarun 2000 da haɗin gwiwar Jami'ar Jos, kuma tana horar da ɗalibai daga ƙasashen Afirka a matakin digiri na biyu. An ƙididdige nau'o'in tsuntsaye kimanin 300 a wannan ɗan daji.

Mazaunin tsuntsayen biyu ƙanƙane ne idan aka kwatanta da na 'yan'uwansu, kuma fasa duwatsu domin gini, da saran itace, da ƙonen daji, da faɗaɗar gari duk suna rage irin wurin da suke buƙata. Bugu da ƙari, rayuwar ɗayan ta rataya a wuyan ɗayan: duk dutsen da baiwar Allah ta bari, ɗan-shunin Jos ya rasa inda zai saka ƙwai. Da a ce har yanzu ana ɗaukar su a matsayin nau'o'in da suka bazu ko'ina, da babu wanda zai ga dalilin kula da waɗannan duwatsu saboda su.

5.0 MATAKAN TANTANCEWA DA MATSALAR SUNA

Daga misalan biyu za a iya fitar da matakan da mai son tantance tsuntsu zai bi, ko a gidan zu ko a daji. Da farko ya gano dangi ta hanyar girma da ƙirar jiki da siffar baki. Na biyu ya binciki siffar da ke raba nau'o'in wannan dangi, domin abin da ya raba fengwin biyu ba shi ne ya raba ɗan-shuni biyu ba. Na uku ya lura da shekaru da jinsi da lokacin shekara, tunda ƙarami da mace da mai sauya gashi ba sa nuna alamomin balagaggen namiji. Na huɗu ya lura da wuri. A daji mazauni hujja ce mai ƙarfi, amma a gidan zu an raba tsuntsu da mazauninsa, don haka sai a nemi sanin inda aka kawo shi. Na biyar ya saurari kuka, in da hali ya ɗauke shi da wayar hannu domin kwatantawa. Idan hujjojin ba su cika ba, ya fi kyau ya tsaya ga sunan dangi da ya yi shaci-faɗi.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyan masana harshe. Malamin da ke koyar da kimiyya da Hausa, da mai fassara a gidan rediyo, da mai rubuta allon bayani a gidan zu, duk suna buƙatar sunayen da suka kai matakin nau'i. Hausa tana da hanyar yin haka tun asali, wato jingina suna ga mazauni ko siffa, kamar "kazar dutse" da "kazar ruwa". A kan wannan tsari aka gina "baiwar Allah ta dutse" da "ɗan-shunin Jos" da "fengwin na Afirka" da aka yi amfani da su a nan, kuma shawara ce da ke jiran amincewar masu harshen. Kafin a ƙirƙiri sabon suna, ya dace a fara tuntuɓar maharba da manoma da makiyaya, domin mai yiwuwa sunan yana bakinsu. A yankin Jos wannan bincike ya kamata ya haɗa da harsunan mazauna duwatsun, irin su Berom da Izere, waɗanda suka rayu da waɗannan tsuntsaye tun kafin zuwan masu bincike.

6.0 KAMMALAWA

An yi ƙoƙari a wannan maƙala a nuna cewa sunan gama-gari mafarin tantance tsuntsu ne kawai, kuma kowane dangi yana da siffar da ke rarrabe nau'o'insa. A dangin fengwin mai ɗamara siffar tana ƙirji da fuska, ana ganin ta daga bayan shinge. A dangin ɗan-shuni siffar tana cikin waƙa, kuma bin sawun wannan waƙa ne ya kai ga bayyana baiwar Allah ta dutse a 1998, a duwatsun da ke gefen ɗaya daga cikin manyan garuruwan Nijeriya. An kuma nuna cewa kare nau'i daga ƙarewa yana farawa ne daga sanin cewa shi daban ne. Abin da ya rage shi ne tattara sunayen tsuntsaye daga bakin masu harshe a jera su da sunayen kimiyya, aikin da zai fi inganci idan sassan nazarin harsunan Nijeriya suka haɗa hannu da masana tsuntsaye irin na Amurum.